Kwabo Ɗaya a Mako, Ƙofa Goma Sha Ɗaya

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku, 'yan'uwana 'yan Metodis na Jalingo, Zing, Bambur, Karim Lamido, Lau da duk inda saƙon nan ya iske ku. Ni ba fasto ba ne, ban taɓa zama a ajin tauhidi ba. Ma'ajin wata ƙaramar ekklesiya ne, shekara bakwai ke nan littafin baiko yana hannuna. A cikin littafin nan ne na ci karo da abin da ya hana ni barci.

Akwai wata Mama a wurinmu, gwauruwa ce, daddawa take sayarwa. Duk farkon wata takan kawo zakkarta a ƙulle a bakin zane, in kwance, in ƙirga, in rubuta. Watan jiya ina haɗa lissafin kason da za mu kai gunduma, sai na ga layinta babu komai har wata huɗu. Da yamma na hau babur na tafi gidanta. Na same ta a kan tabarma, ƙafa ta kumbura, jikarta ƙarama ce ke dama mata kunu. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ɗaga gefen tabarmar, ta ciro kuɗi a leda, ta ce, "Ɗana, ga na Ubangiji. Ina ta tarawa, ban sami mai kai mini ba."

Wata huɗu, 'yan'uwa. Muna da dattawa, muna da zumuntar mata, muna da matasa da mawaƙa, amma ba ƙafar da ta taka gidan nan. Ni kuwa da nake rubuta sunanta kowane wata, giɓin lissafi ne ya tuna mini da ita. Na roƙi gafararta, na roƙi gafarar Allah, har yanzu kuma abin yana ci mini rai, domin na san irin gidan da muka fito.

A shekarar 1739 John Wesley, wanda ya assasa tafiyar Metodis, ya gina ɗakin taro a Bristol ta ƙasar Ingila, bashi kuma ya hau kan ginin. A watan Fabrairu na 1742 aka zauna ana neman yadda za a biya. Wani mutum da ake kira Kyaftin Foy, wanda ba limamin coci ba ne, ya kawo shawara kowane ɗan ƙungiya ya riƙa ba da kwabo ɗaya a mako. Aka ce masa da yawa talakawa ne, ko kwabon ba za su iya ba. Sai ya ce a haɗa shi da mutum goma sha ɗaya daga cikin waɗanda suka fi talauci, zai riƙa bin su gida gida kowane mako, wanda ya samu ya ba da, wanda bai samu ba shi zai biya masa. Ya ce sauran ma kowa ya ɗauki nasa sha ɗayan. Aka raba jama'a kashi kashi, kusan mutum goma sha biyu a kowane rukuni, da shugabansu.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi kama zuciyata. Masu karɓar kwabon nan da suka fara shiga gidaje, sai suka riƙa dawowa da labarin da ya fi kwabo nauyi: wane ya koma shan giya, gidan wane ba zaman lafiya, wane yana kwance. Wesley ya gane cewa abin da ya daɗe yana nema ke nan, hanyar da za a kula da kowane rai ɗaya ɗaya. Daga nan aka sami taron aji na Metodis, wanda ya riƙe ekklesiyar nan tsawon zamanai. Daga baya, maimakon bi gida gida, aka koma haɗuwa wuri ɗaya kowane mako, ana tambayar juna lafiyar rai, ana addu'a, ana tara kwabon. Wato a wurin kakanninmu na bangaskiya, hannun da ke karɓar baiko shi ne ke ƙwanƙwasa ƙofa. Mu kuwa mun riƙe kwanon baiko gam, mun saki ƙofar. Hausawa sun riga sun faɗa, zumunci a ƙafa yake.

To, wa zai taka? Amsar da muka saba bayarwa ita ce Baba Fasto. Shi ne zai yi wa'azi, shi ne zai je asibiti, shi ne zai sasanta ma'aurata, shi ne zai binne mamaci, shi ne kuma za mu yi gunaguni a kansa idan bai leƙo mu ba. Mutum ɗaya da babur ɗaya, wani lokaci majami'u uku ko huɗu a wuyansa, ga damina ta yanke hanya. Wannan ba adalci ba ne, ba kuma tsarin Littafi Mai Tsarki ba ne. Afisawa 4:11-12 ta nuna an ba da makiyaya da masu koyarwa ne domin su shirya tsarkaka, su tsarkakan su yi aikin hidima. Tsarkakan nan kuwa mu ne, manomi da tela da malamar firamare da ɗan acaɓa.

Shi kansa Wesley sai da aka koya masa wannan. A farkon shekarun 1740 ya bar wani saurayi mai suna Thomas Maxfield a Landan domin ya riƙa yin addu'a da jama'a. Labari ya iske shi cewa saurayin ya fara wa'azi, alhali ba a naɗa shi ba. Wesley ya garzayo da niyyar hana shi. Mahaifiyarsa Susanna ta tare shi, ta ce ya yi hankali da abin da zai yi wa yaron nan, domin Allah ne ya kira shi wa'azi kamar yadda ya kira shi Wesley. Ya zauna ya saurari Maxfield, ya sauko. Ita Susanna ta san abin da take faɗa: shekaru da yawa kafin nan, lokacin da mijinta ya yi tafiya, ta riƙa tara iyalinta da yammacin Lahadi a gidansu na Epworth tana karanta musu, maƙwabta suka yi ta zuwa har suka kai wajen ɗari biyu. Iyayenmu mata na zumunta, wannan gadonku ne, kada wani ya sa ku ɗauka aikinku ya tsaya a kan anko da girkin taro.

Ko a nahiyarmu haka abin ya shigo. Kafin ɗan mishan na Metodis Thomas Birch Freeman ya sauka Badagry, kusa da Legas, a watan Satumba na 1842, 'yantattun bayi da suka dawo daga Saliyo ne suka aika da roƙo a turo musu mai koyarwa. A nan ƙasar Muri kuwa, ɗan mishan daga Amurka C. W. Guinter ya iso Najeriya a 1906, ya yi aiki a Wukari, sa'an nan a 1923 aka buɗe tashar Bambur. Muna gode wa Allah dominsa da abokan aikinsa. Amma Turawan mishan nawa ne duka duka? Waɗanda suka hau duwatsun Wurkum, suka shiga ƙauyukan Mumuye, suka koyar da karatu a gindin bishiya da Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932, yawancinsu kakanninmu ne, masu bishara manoma, da safe fartanya, da yamma allo. Ekklesiya kan yi musu gayya a gona, a kawo musu damin dawa da kaka. Da wannan ƙafa da wannan dami aka gina abin da ya zama EKAS (Ekklesiyar Kristi a Sudan) Lardin Muri, wadda daga baya ta zama ekklesiyarmu ta Metodis, har muka kai ga samun bishop namu na farko, Done Peter Dabale, a 1992.

Yanzu fa? Idan rufin majami'a ya yi yoyo, sai mu buga katin gayyata mu jira ɗan siyasa. Idan aka ce aikin bishara, sai mu ɗaga kai muna duban Amurka. Na taɓa jin wani yana cewa ai su can kuɗi ya yi musu yawa. Ɗan'uwa, kuɗin da hukumar agaji ta Metodis, wato UMCOR, ke kaiwa wuraren bala'i tun kafuwarta a 1940, da yawansa daga kwanon baiko na majami'u yake fitowa, cikinsa har da na tsofaffi masu cin fansho da na yaran makarantar Lahadi. Su ma kwabonsu suke tarawa. Ba laifi ba ne mu karɓi taimakon 'yan'uwa, jiki ɗaya muke. Abin kunyar shi ne ekklesiyar da ta haura shekara ɗari ta kasa ɗaukar nauyin mai bishara ɗaya a bayan dutse, alhali a bikin aure ɗaya muna watsa abin da zai riƙe shi wata shida.

Kada kowa ya ce mini talauci ne. Na san farashin taki, na san abin da mudun masara ya kai, na san akwai waɗanda ambaliyar Binuwai ta 2022 ta cinye musu gona har yau ba su farfaɗo ba. Amma ku buɗe 2 Korintiyawa sura 8. Bulus ya ce ikilisiyoyin Makidoniya suna cikin tsananin wahala da matsanancin talauci, duk da haka su ne suka riƙa roƙo a bar su su sa hannu a gudummawar tsarkaka. Ya kuma faɗi asirin: sun fara miƙa kansu ga Ubangiji tukuna. A aya ta 12 ya ce ana karɓar baiko gwargwadon abin da mutum yake da shi. Yesu ma da ya zauna yana kallon masu zuba kuɗi a Haikali, gwauruwa mai anini biyu ya nuna wa almajiransa. Ina tsoron ranakun ƙaddamarwarmu, inda ake kiran mai dubu ɗari da lasifika ana tafi, mai naira ɗari biyu kuwa ta zuba nata tana sunkuyar da kai kamar ta yi laifi.

Ga masu hali kuma, Wesley ya bar mana misali mai wuyar haɗiya. An ba da labarin cewa lokacin da yake samun fam 30 a shekara, yakan rayu da 28 ya ba da 2. Da samunsa ya kai 60, bai ƙara wa kansa komai ba, ya ba da 32. Da ya kai 120, ya ba da 92. Koyarwarsa a kan dukiya kashi uku ce: ka nema iyakar ƙoƙarinka ta hanyar halal, ka yi tattali iyakar ƙoƙarinka, ka bayar iyakar ƙoƙarinka. Mun haddace na farko. A watan Janairu na 1785, yana da shekara 81, ya yi kwanaki yana yawo a titunan Landan cikin narkakkiyar ƙanƙara har idon sawu, yana roƙon kuɗin sutura domin matalauta, sai da ya tara fam 200, ciwo kuma ya kwantar da shi. Tsoho ɗan shekara tamanin da ɗaya bai aiki yaro ba, da ƙafarsa ya je.

Ina da magana da 'yan'uwana ma'aji da dattawan da ke riƙe kuɗin ekklesiya, ni ma ina ciki. Wasu sun janye hannu ne domin sun ba da, ba su kuma ji inda kuɗin ya shiga ba. Bulus da kansa bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, sai da ikilisiyoyi suka zaɓi wanda zai raka ta, don kada a sami abin zargi. Mu karanta lissafi a gaban jama'a. Baikon da aka tara da sunan bishara ya tafi bishara, kada ya koma sayen kujerun manyan baƙi. Ku kuma Iyayenmu fastoci, da girmamawa nake roƙo, ku ba da fili. Idan yaro ya nuna baiwar koyarwa, a horar da shi, a ba shi aji. Wanda aka hana shi ɗaukar tsintsiya yau, gobe ba zai ɗauki jinka ba.

Na san raunin da rabuwar ekklesiyarmu ta Metodis a Najeriya a 2024 ta bar mana, gida ɗaya wani na nan wani na can. Ba shari'ar wannan zan yi a nan ba. Abin da na gani da idona shi ne, ƙafar Maman nan da ta kumbura ba ta tambayi wane ɓangare nake ba. Duk inda ka tsaya, Foy kakanka ne, Susanna kakarka ce, marar lafiyar da ke bayan gidanka kuma yana jiranka.

Lokacin da aka karɓe mu cikin ekklesiya mun tsaya a gaban jama'a mun yi alkawarin tallafa mata da addu'armu, da halartarmu, da baikonmu, da hidimarmu, da shaidarmu. Ba fasto kaɗai ya ɗauki alkawarin nan ba, bakinmu ne ya furta. Saboda haka ina roƙonka, daren nan kafin ka kwanta, ɗauki takarda ka rubuta sunaye. Idan goma sha ɗaya sun yi maka yawa, rubuta uku: wanda ka daina gani a sujada, gwauruwar da ke layinku, ɗalibin da ya zo karatu garinku ba shi da kowa. Ka ware abin da za ka iya kowane mako domin bishara, ko naira ɗari ce, ko tiyar gyaɗa ce da kaka. Mai aikin jinya ta ba da yammacin Asabar ɗaya a wata ta auna wa tsofaffi hawan jini. Magini ya duba katangar ajin yara. Mai babur ya ɗauki mai bishara zuwa ƙauye ranar Lahadi, ya sha man da aljihunsa.

Ni na rubuta nawa, na kai su gaban dattawa ranar Lahadin da ta wuce, mutum shida kuma sun ce za su ɗauki nasu. An kai Mama asibiti, kumburin ya fara sauka, matan zumunta sun raba kwanakin kai mata abinci a tsakaninsu. Ku sa ta a addu'a. Ranar Alhamis in Ubangiji ya yarda zan je gida na biyu, na wani ɗan'uwa da rabonsa da majami'a tun Ista, wanda ni da shi muka yi baftisma rana ɗaya.