Masu gini, ku bar wa dakali wuri

Duk mai shirin gina gida a Zariya, ko mai gyaran gidan gado, ina roƙonsa ya bar wa dakali wuri a ƙofar gida. Na san taku ɗaya na fili a bakin titi kuɗi ne yanzu, na kuma san magini zai ba ka shawarar a fitar da shaguna biyu su riƙa kawo na cefane. To amma ka zaga sababbin gine-gine ta wajen Hanwa ko Ɗan Magaji ko hanyar Shika ka gani: doguwar katanga, waya a samanta, ƙaton get na ƙarfe. Babu inda baƙo zai zauna ya jira, babu inda shi kansa mai gidan zai sha iska. Ya dawo, ya danna hon, a buɗe, a rufe, sai kuma gobe.

Ni a ganina asarar da muke yi a nan ta lafiya ce, ta fi ta kwalliya.

Ku duba abin da magidanci yake ɗaukowa da yamma. Wani daga kasuwar Sabon Gari, ya wuni bai yi cinikin kirki ba. Wani daga ofis a Samaru ko Kongo, albashi ya ƙare tun tsakiyar wata. Wani kullum sai ya je Kaduna aiki ya dawo, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota ya cinye rabin abin da yake samu. Mai Keke yana lissafin balas ɗin da bai cika ba. Duk waɗannan da zafinsu suke isowa gida. Idan mutum ya faɗa cikin gida kai tsaye, wa zai fara cin karo da shi? Matar da za ta ce gas ya ƙare, da yaron da aka koro saboda kuɗin makaranta. Rigimar da ake yi a gidaje da dama tsakanin La'asar da Isha'i ba laifin na cikin gida ba ce, fushin waje ne aka shigo da shi bai huce ba. Tukunya ma idan aka sauke ta daga wuta sai an bar ta ta sha iska kafin a sa hannu.

Aikin dakali ke nan. Ka zauna, ka cire hula, yaro ya kawo ruwa. Maƙwabci ya wuce ya ce "Malam, an dawo lafiya?" ka ce "Lafiya lau, ya aiki?" Mai rake ya gifta, almajirai su wuce da allunansu, wani dattijo ya tsaya ya ba ka labarin wanda aka yi wa haihuwa da wanda ke kwance a asibiti. Kafin a kira Magariba ka ji kafaɗunka sun sauka. Likitoci suna da bayanin wannan: idan mutum na cikin tashin hankali jiki yana sakin sinadaran da ke sa zuciya saurin bugu, jini ya hau, tsoka ta ɗaure. An yi wannan shiri ne don haɗari na ɗan lokaci. Idan ya zama kullum a haka ake kwana ake tashi, sai barci ya lalace, ciwon kai ya zama abokin zama, hawan jini ya samu ƙofa. Zama cikin natsuwa, da numfashi a hankali, da hira da wanda ka amince da shi, suna taimaka wa jiki ya koma daidai. (Kar wani ya ce na ce a ajiye maganin hawan jini a koma dakali. Mai ciwo ya je a auna shi, ya sha maganinsa, sannan ya zo mu zauna.) A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya har kwamiti ta kafa a kan matsalar kaɗaici, saboda yadda yake cin lafiyar mutane a ƙasashe da yawa. Mu da muka gaji maganinsa a ƙofar gida, mu ne muke rushe shi mu zuba shago.

Magabatanmu a birnin Zazzau sun san gini. Garin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a da ƙasa da azara tun shekarun 1830 ba garin da za a koya wa zama ba ne. Ka shiga tsohon zaure a cikin ganuwa a watan Maris ko Afrilu, lokacin da rana ke dukan kwano, ka ji sanyin da ke ciki. Bangon tubali mai kauri ne yake shanye zafi da rana, ba ya barinsa ya ratso da wuri. A irin waɗannan zauruka na Unguwar Juma da Kona aka yi ta karantar da ilmi, a nan ake karɓar baƙo, a nan ake sulhu, a nan maigida yake hutawa ba tare da ya takura wa matan gida ba. Dakali kuwa ɗan'uwan zaure ne na waje, na talaka da mai kuɗi.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da gaskiya a wani ɓangare. Za su ce majalisa matattarar gulma ce, zaman kashe wando ne, mace ba ta isa ta wuce ba sai an bi ta da ido an yi sharhi. Wallahi akwai irin wannan, akwai layin da 'yan mata ke zagayewa ta wata hanya don kar su bi ta gaban wasu samari. Amma wannan magana an riga an yanke ta tuntuni. A hadisin Abu Sa'id al-Khudri da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya gargaɗi sahabbai game da zama a kan hanyoyi. Suka ce ba su da makawa, nan ne wuraren hirarsu. Bai ce su tashi ba, sai ya ce su ba hanya haƙƙinta: runtse ido, kame cutarwa, amsa sallama, umarni da kyakkyawa da hani da mummuna. Majalisar da ta kiyaye waɗannan, ban ga abin zargi a cikinta ba. Wadda ta kasa, mutanenta za a gyara. Kuma akwai bambanci tsakanin wanda ya wuni yana nema ya zauna rabin awa, da ƙaton da rana ta fito ta faɗi yana kan benci ɗaya yana jiran wanda zai saya masa shayi.

Haka nan maigidan da zai tare a waje har sha ɗayan dare, ya bar mace da yara da aiki, ba da shi nake ba. Ita ma ta gaji, watakila ma ta fi shi. A gidajen da, tana da tsakar gida, ta shimfiɗa tabarma bayan an sauke tuwo, maƙwabciya ta leƙo a taɓa hira. Ginin yanzu ya cinye tsakar gidan ma, an mayar da shi ɗakunan haya, an bar ta tsakanin kicin da falo. In za ka yi wa kanka dakali a waje, ka bar mata baranda ko inuwa a ciki.

Sai batun tsaro, wanda shi ne hujjar masu doguwar katanga. Ba na raina ta, mun ga abin da masu garkuwa suka yi a unguwannin gefen gari. Sai dai layin da kowa ya kulle kansa, babu wanda ya san fuskar maƙwabcinsa, ya fi sauƙin shiga ga baƙon da ya zo leƙen asiri. Inda dattawa ke zaune a waje kuwa, baƙuwar fuska ba ta wucewa sau biyu ba a ce "Samari, wa kake nema?" ba. Ka yi katangarka, ka ja ta baya kaɗan.

Abu ɗaya ne ke ɓata zaman ko da dakalin yana nan: waya. Mutum huɗu a jere, kowa ya sunkuya, wannan yana faɗan siyasa a Facebook, wancan yana kallon bidiyon gawarwaki. Wannan ya tashi da damuwar da ta fi wadda ya zauna da ita. A sa ta a aljihu har a yi sallah.

Ginin kansa ba wani tsada gare shi ba: 'yan bulo, yashi, siminti kaɗan, sai a dasa darbejiya ko mangwaro a gefe, a kare shi daga awaki har ya kama. Ɗan haya ya sayi benci wajen kafinta. Kuma don Allah a riƙa yashe kwatar da ke gaban gida, domin babu mai iya hutawa a kan wari, kuma da damina sauro ne zai tashi majalisar tun kafin liman ya tada iƙama.