Wa'adi ya cika, kotu ta ce a ci gaba da tsare shi

A jihar New South Wales ta Ostireliya akwai dokar 2006 da ta ba da damar ci gaba da tsare masu manyan laifukan jima'i ko sa musu ido bayan cikar wa'adinsu, wadda aka faɗaɗa a 2013 ta haɗa da masu kisa da masu yi wa mutane mummunan rauni. Kafin wa'adin fursuna ya ƙare, gwamnati na iya kai ƙara Kotun Ƙoli ta jihar. Alƙali ya naɗa ƙwararru biyu, likitocin ƙwaƙwalwa ko masana halayyar ɗan Adam, su duba shi. Idan kotu ta gamsu cewa haɗarinsa ya wuce kima, sai ta sa a riƙa sa masa ido a waje, ko a ci gaba da tsare shi, kowanne har shekara 5, kuma ana iya sabuntawa.

Babu mai musun cewa akwai mutanen da sakinsu haka kawai ganganci ne. Amma tsarewa ya kamata ta zama matakin ƙarshe, domin hasashe ne ake ɗaure mutum a kansa. Ma'aunin ƙwararru yana nuna yadda masu irin tarihinsa suka kasance bayan saki. Bai san abin da shi wannan mutumin zai yi gobe ba.

Sa idon ma yakan lalace wajen sharuɗɗa. Ana ɗaura masa na'ura a idon sawu, ya miƙa jadawalin zirga-zirgarsa na mako, a hana shi barasa, a zaɓa masa gida. Wanda ya shekara 15 a kurkuku, ba aiki, ba dangi, zai iya kauce wa jadawalin don shiga shago, kuma saɓa sharaɗi laifi ne mai ɗaurin har shekara 5. Sai ya koma ciki bai taɓa kowa ba. Abin da ya fi ciwo, wani ba a ba shi gurbin gyaran hali yana ɗaure ba, sannan a kafa hujja da cewa bai gyaru ba.

Jamus ta sha wannan darasi. A 2009 Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta soki tsawaita tsarewar wani fursuna da dokar da aka yi bayan laifinsa. A 2011 kotun tsarin mulkin ƙasar ta ce dole wurin tsarewar ya bambanta da kurkuku, a ba da magani, a shirya mutum don fita. Ya kamata alƙali ya fara tambayar gwamnati wane magani ta ba fursunan, kuma wane gida ta tanadar masa, kafin ya sa hannu.