Kuɗin magudana a fatura, kuɗin wayit daga aljihu: sau nawa mai haya zai biya kwata ɗaya a Jidda?

Ni ban ƙi biyan kuɗin ruwa ba, kuma duk mai hankalin da ke zaune a Jidda ba zai ce a ba shi ruwa kyauta ba. Gari ne da babu kogi, ruwan da muke sha da wanka daga Bahar Maliya ake tace shi, a cire masa gishiri a Shu'aiba da sauran tashoshi, a turo shi ta bututu. Dole ya ci kuɗi. Abin da ke ƙona mini rai shi ne a caje ni kuɗin magudana a fatura, wato takardar kuɗin ruwa, in sake zura hannu a aljihu in biya wayit, motar da za ta zo ta zuƙe ƙazantar nan dai da aka ce na biya kuɗin tafiyarta, sannan ranar da sama ta yi ruwan awa biyu ƙazantar ta biyo ƙarƙashin ƙofa ta same ni har kan darduma. Wallahi abin ya ishe mu.

Yawancin 'yan uwanmu ba su taɓa riƙe faturar ruwan gidan da suke haya a hannu ba. Abin da suka sani shi ne takardar da haris, wato maigadin gida, ke liƙawa a bakin matattakala ƙarshen wata, da lambar shiƙƙa, wato sashen kowane mai haya, da abin da za ta kawo. To ga yadda lissafin yake tun da aka sauya farashi a ƙarshen 2015. Ana auna ruwa da mita kubik, wato lita dubu. Guda 15 na farko a wata halala 10 ne kowanne (halala 100 ce riyal 1). Daga 16 zuwa 30 riyal 1. Daga 31 zuwa 45 riyal 3, daga 46 zuwa 60 riyal 4, abin da ya haura 60 kuma riyal 6. A kan kowane mataki sai a ɗora rabin kuɗin a matsayin kuɗin magudanar ƙazanta, wadda a fatura ake rubutawa sarf sihhi. Ke nan na sama ya zama riyal 9. Kafin sauyin, guda 50 na farko halala 10 ne, kuma sai gida ya wuce 300 kafin ya ga riyal 6. Bayan duk wannan ga harajin kaya, wanda ya shigo da kashi 5 cikin ɗari a 2018, ya koma 15 a watan Yulin 2020.

A takarda tsarin yana da kyau: mai tsimin ruwa ya biya kaɗan, mai wurin ninkaya da lambu da wankin motoci huɗu ya ji a jikinsa. Amin. Amma wa ya faɗa cikin ramin? Mu.

Matakan nan ana lissafa su ne gwargwadon yawan shiƙƙoƙin da aka yi wa rajista a kan mita. Gidan da nake ciki asalinsa gidan mutum ɗaya ne, hawa biyu. Da aka fara rusau a ƙarshen 2021, aka bi unguwannin Ghulail da Bitrumin da Karantina da Sabil da Kandara da Nuzla Yamaniyya aka share, dubban mutane suka fito neman inda za su sa haƙarƙari, sai mai gidanmu ya ga kasuwa ta buɗe. Ya tsaga ƙasa biyu, ya tsaga sama, ya ɗora wasu ɗakuna a kan rufi, ya zuba iyali huɗu a ciki, mita kuwa ɗaya, rajista ɗaya, kamar yadda take tun zamanin mahaifinsa. Ku yi lissafin da kanku. A ce kowane iyali ya sha guda 30 a wata, wanda ga mai 'ya'ya shida ba ɓarna ba ce. Da an rubuta gidan shiƙƙa huɗu, kowa riyal 24 da halala 75 zai biya har da magudana, jimilla riyal 99. Da yake shiƙƙa ɗaya aka sani, guda 120 ɗin nan a kai ɗaya ake ɗora su, rabinsu ya faɗa matakin riyal 9, fatura ta fito riyal 722 da 'yan halaloli tun ba a sa haraji ba. Ruwa ɗaya, mutane ɗaya, kuɗi ya ninka fiye da sau bakwai. Kashi ɗaya cikin uku na wannan kuɗin kuma na magudana ne.

Magudanar kuwa ina take? Titinmu an haƙa shi an binne bututu, an haɗa tsohon ginin. Ɗakunan da aka ƙara daga baya, da na kan rufi, da ban-ɗakunan da aka cusa a ƙarƙashin matattakala, duk bayyara suke zuba, wato tsohuwar shaddar da ke bakin ƙofa, don mai gida ba zai kira mai gyaran famfo ya fasa tayil ya ja sabon layi ba, kuma ba ya son wani jami'i ya shigo ya ga abin da ya gina ba da lasisi ba. Saboda haka duk litar da ta bi ta mita ana caje mu rabin kuɗinta na magudana, amma rabin ƙazantar gidan ba ta taɓa ganin magudanar ba.

Wanda bai taɓa tsayawa a kan bayyarar da ta cika ba, ba zai gane abin da nake faɗa ba. Da farko masai ne ke fara gurnani idan an zuba ruwa. Kwana biyu sai ka ga gefen murfin ƙarfen nan ya jiƙe, wani baƙin ruwa mai kumfa yana tsattsafowa, yana bin gefen kwalta yana gangarawa ƙofar maƙwabci. A zafin Jidda da gumin tekun nan, ɗoyin kafin la'asar ya shige cikin labule da kayan sawa. Sai a hau kiran wayit, wannan rawayar tankar da kowa ya sani. Direba ya ce bayan Magariba, ya zo bayan sha biyun dare. Ya ja baya ya toshe lungu, yaronsa ya sauko da ƙaton tiyo mai kaurin cinya, ya sa ƙugiya ya ɗaga murfin, kyankyasai su watse ta ko'ina. Injin ya kama ruri, yara su farka, mata su toshe hanci da gefen mayafi. Idan ya gama ya naɗe tiyon yana ɗiga a kan takalman da aka bari a ƙofa, ya miƙo hannu. Ba ya karɓar gobe, ba ya karɓar wallahi. Kuma farashin na bakinsa ne: ranar da aka yi ruwan sama, ko aka shiga hutun Idi, sai ya ƙara, in ka yi magana ya ce akwai gidaje goma suna jiransa.

Mai gida fa? Na same shi da maganar a ƙofar masallaci, cikin ladabi, na ce ya Shaikh, a je a gyara rajistar mita mana, kuma a nuna mana fatura mu gani. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce kuɗin ruwa na mai shan ruwa ne, in ban ji daɗi ba akwai masu son shiƙƙar. Gaskiya ya faɗa, akwai su, shi ya sa yake taka mu. Tun bayan rusau haya ta yi tashin gwauron zabo, kowa ya lallaɓa inda ya samu. Shi yana karɓar haya huɗu daga gida ɗaya, mu muna biyan tarar abin da ya ɓoye wa hukuma. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Akwai wata dattijuwa a ƙasanmu, kowa Hajiya Babba yake ce mata, a Karantina aka haife ta, kakanninta da ƙafa suka zo ta Sudan suka tsallako daga Sawakin. Ita da jikoki uku ne, abin da take samu daga ɗan dambu da fura da take yi wa mutane ne. Ranar da haris ya kai mata nata kason ta kira ni ta ce, ɗana, duba mini takardar nan, ko dai sun haɗa da kuɗin wuta ne? Matar da ke tara ruwan alwala a bokiti ta zuba a masai, ita ce ake caja farashin masu lambu. Me zan ce mata?

Idan ka ɗauki ƙafa ka je neman gyara, nan za ka san kai ba kowa ba ne. A ofishin ruwa a ce maka mita ba da sunanka take ba, mai gida ne kaɗai zai shigar da buƙata. Ka ce to ga ruwa kwance a titinmu ya yi kore, a ce idan na sama ne ko na ƙarƙashin ƙasa, aikin baladiyya ne, wato hukumar gari. Ka kira baladiyya, a turo mutum ya leƙa ta tagar mota ya ce wannan na bayyara ne, ku koma wa masu ruwa, kuma ku yi hattara, tara ce a kan gidan da ya bar ƙazanta ta malala titi. Tarar ma idan ta zo, kun san a kan wa haris zai raba ta. Ana ba ka lambar ƙorafi, saƙo ya shigo wayarka cewa an rufe ƙorafinka cikin nasara, ruwan yana nan inda ka bar shi, sauro na ƙyanƙyasa a ciki. Garin nan fa tun 1994 yake fama da zazzaɓin dengi, ba baƙon abu ba ne a gaya wa wani abin da kwantaccen ruwa ke haifarwa.

Kuma kada wani ya ce mana wannan sabuwar matsala ce da ake kan nazari. Shekara da shekaru tankokin nan suna kwasar ƙazantar Jidda suna juyewa a wani kwari a gabashin gari, har ya zama tafki guda, wanda mutane suka yi wa laƙabi da Tafkin Miski don ba'a. Sai da aka ga mutuwa kafin aka ƙafar da shi a 2010. Ranar Laraba 25 ga Nuwamban 2009, ranar da alhazai ke fita Mina, ruwa ya sauko daga duwatsun gabas ya bi tsofaffin hanyoyinsa da aka cika da gine-gine, ya afka wa unguwannin Ƙuwaiza da Kilo 14 da kewayensu, ya tattara motoci ya jibge su kan juna. Sama da mutum 120 hukuma ta ƙirga sun rasu, Allah Ya ji ƙansu. Dare da rana mutanen gabas suna zullumin kada bangon tafkin nan ya ɓalle a kansu. Sarki Abdullah ya sa aka kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Yarima Khalid Al-Faisal, ya ba da umarnin riyal miliyan ɗaya ga iyalan kowane mamaci, aka gurfanar da jami'ai da 'yan kwangila. Janairun 2011 ruwa ya sake dawowa, unguwar Ummul Khair ta nutse. Daga nan aka gina madatsu da manyan lambatu, kuma ba zan yi ƙarya ba, sun yi amfani. Amma ranar 24 ga Nuwamban 2022 da aka auna milimita 179 a kudancin gari cikin kusan awa shida, aka rufe hanyar Makka, mutum biyu suka rasu, mu da ke cikin lunguna mun ga abin da manyan lambatu ba sa kaiwa. A lungun da ba shi da magudanar ruwan sama, ruwan bayyara yake shiga, ya cika ta, ya ɗago murfin, ya fito da abin da ke ciki. Abin da yaranmu suka taka zuwa kanti ke nan.

Da farashin nan ya fara cizo a farkon 2016, 'yan ƙasa sun yi ca a Twitter, suna ɗora hotunan faturar dubban riyal. Ministan ruwa da lantarki na lokacin, Abdullah Al-Husayyin, aka ruwaito yana cewa wanda fatura ta dame shi ya nemi izinin haƙa rijiya. Watan Afrilu bai ƙare ba Sarki Salman ya sauke shi. Su da suke da murya ke nan. Daga Disambar 2017 kuma aka buɗe musu Hisabul Muwaɗin, ana sa musu tallafi a asusu don rage raɗaɗin tsadar rayuwa. Ba na yi musu hassada, ƙasarsu ce. Amma baƙo mai iƙama, wato takardar izinin zama, ko da a asibitin garin nan aka yanke masa cibiya, babu abin da ke shigo masa. Fita dai: tun Yulin 2017 yake biyan kuɗin zama a kan kowane ɗa da mata, daga riyal 100 a wata har ya kai 400 a 2020. Mai mata da 'ya'ya biyar riyal 2,400 ke nan duk wata kafin ya sayi buhun shinkafa. A kan wannan ake ɗora masa faturar gidan da ba nasa ba, da kuɗin wayit, kuma ya san idan ya ɗaga murya ya yi yawa, akwai ranar sabunta iƙama.

Abin da muke nema bai kai a kafa masa kwamiti ba. Mai haya da ke da kwantiragi a hannu a ba shi damar ganin fatura da idonsa, ya kuma iya kai ƙarar cewa shiƙƙoƙin gidan sun fi abin da aka rubuta, ba sai ya jira wanda ke cin ribar ɓoyewar ba. Gidan da ake caja kuɗin magudana a zo a duba ko duk bututunsa sun shiga layi, idan ba su shiga ba a tilasta wa mai shi, kuɗin wayit kuma ya koma wuyansa har ranar da ya haɗa. Ruwan da ke kwance a titi, ofis ɗaya ya ɗauki alhakinsa, su je can su rarrabe na sama ne ko na ƙasa.

Mu dai a gidanmu mun yi magana da sauran magidanta uku, har da ɗan Hajiya Babba da ke zuwa daga Makka ranar Juma'a. Wannan watan babu wanda zai ba haris ko halala sai an kawo faturar asali an ajiye a gabanmu, mun ga lambar mita da yawan shiƙƙoƙin da aka rubuta. In mai gida ya ga dama ya zo da kansa, muna nan bayan Isha.