Zazzagawa, in kun je Lokoja ku leƙa Kabawa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kullum muna ratsa Lokoja in za mu kudu, a tsaya a ci soyayyen kifi, a ɗau hoto a gadar Jamata a wuce, to amma mutum nawa ne cikinmu ya san sarakunan Zazzau har biyu suna kwance a garin nan?

Sarki Kwasau da Sarki Aliyu Ɗan Sidi, Turawa ne suka tuɓe su suka kai su can, can kuma ajali ya riske su nesa da gida. Sarkin Kano Alu ma can ya rasu a 1926. Kaburburan suna unguwar Kabawa. Bayin Allah da in sun fito ake busa kakaki, dogarai na gyara kimtsi, gari ya ɗauka, yau ba ka jin komai a wajen sai hayaniyar yaran unguwa da ƙarar babura, wallahi duk mai taƙama da kujera ko ɗan muƙamin ofis ya kamata ya je ya tsaya a wurin ko na minti biyar ne. Annabi (SAW) ya ce mu ziyarci kaburbura don suna tuna mana lahira.

Kuma garin ba namu ne mu kaɗai ba. Nan ne makarantar Holy Trinity take, wadda Bishop Ajayi Crowther ya kafa a 1865, ga tsofaffin coci-coci, ga maƙabartar Turawa, sojoji da 'yan mishan. A Lokojan ne Lugga, wato Baturen mulkin mallaka Lord Lugard, ya kafa tutar Ingila a 1900, daga saman dutsen Patti kuma kana hango inda Kwara da Binuwai suka haɗu.

Dan Allah matasa, in kun shiga irin wuraren nan a kama kai. Ban da hawa kan kabari ana selfi, ban da ihu da dariya, ban da baƙar magana ga Kiristan da ya zo ziyarar nasa. An wuce da gawar Bayahude Manzon Allah (SAW) ya miƙe tsaye, da aka ce masa Bayahude ne fa, sai ya ce ashe ba rai ba ne? To mu su wa?

In kun isa Kabawa ku nemi izinin mutanen wajen, ku yi sallama ga mamatan, ku yi musu addu'a kamar yadda sunna ta koyar. Allah Ya jiƙan sarakunanmu da iyayenmu, Ya sa mu cika da imani. Amin.