Wa zai ƙirga abin da ya samu Kakuri?

Matasanmu da dama sun duƙufa wajen koyon nazarin alƙaluma, suna raba dare a gaban kwamfuta da manhajojin Excel da Python, kuma burin mafi yawansu shi ne samun aiki da wani kamfanin waje da zai riƙa biyansu da dala. Ban ga laifin wannan buri ba, amma a ganina aikin da ya fi buƙatar wannan ilimi yana nan a ƙofar gidanmu.

A dubi Kakuri da Makera a Kaduna. An kafa masaƙar Kaduna Textiles (KTL) a 1957, zamanin gwamnatin Sardauna, sannan masaƙun United Nigerian Textiles (UNTL) da Arewa Textiles suka biyo baya, unguwannin suka cika da ma'aikata daga ko'ina a ƙasar nan. KTL ta daina aiki a 2002, UNTL kuma ta rufe a 2007. Dalilan kowa ya haddace su: rashin wutar lantarki, tsadar baƙin mai, da atamfofin fasa-ƙwauri. Abin da ba mu cika bin diddiginsa ba shi ne yadda rufewar ta sauka a kan jama'a. Yara nawa aka cire daga makaranta bayan albashi ya yanke? Ina masu sayar da abinci a bakin masaƙa suka koma? Tsofaffin ma'aikata nawa suka rasu suna jiran kuɗin sallamarsu? Waɗannan tambayoyi suna da amsa, kuma rashin nemo ta ne ya sa kukanmu ba ya wuce majalisar hira.

Alƙaluman gwamnati ba za su wadatar ba. Rabonmu da ƙidayar jama'a tun 2006, kuma rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022, wanda ya ce mutum miliyan 133 na fama da talauci ta fuskoki daban-daban, bai sauko har matakin unguwa ba. Bayanan unguwa suna cikin rajistar makarantun firamare, da littattafan ƙananan asibitoci, da kundin ƙungiyar ma'aikatan masaƙa, da bakin masu unguwanni da dillalan gidajen haya. Tattara su, da tace su, da jera su shekara bayan shekara, tare da sakaya sunayen mutane, shi ne ainihin aikin.

Sai dai dole a yi hattara. Idan matashi ya ga yawan ɗalibai ya ragu a wata makaranta bayan shekarar 2000, zai iya gaggawar ɗora laifin a kan masaƙa, alhali rikicin da aka yi a Kaduna a shekarar 2000, da na 2002, sun sa iyalai da yawa sun yi ƙaura tsakanin kudanci da arewacin garin. Kwamfuta ba za ta gaya masa haka ba, sai dattijon da ya ga tashin maƙwabtansa. Shi ya sa nake roƙon malaman da ke horar da matasan nan, a jami'o'i da cibiyoyin koyon kwamfuta, su riƙa ba ɗalibansu aikin kammalawa a kan unguwannin da suka fito, su kuma tura su wajen tsofaffin ma'aikatan masaƙa tun suna da rai.