Sallarmu a Ƙasar Sanyi

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman Zazzagawan da neman ilimi ko abinci ya kai su waje.

Ranar Ƙaramar Sallar da ta wuce, muna dawowa daga filin idi na Ƙofar Doka, na kira ƙanena da ke Birmingham a Ingila ta bidiyo don ya ga hawa. Dawakai sun cika hanya, algaita na tashi, ƙura ta turnuƙe. Sai na gan shi cikin mota da kayan aiki. Ya ce, "Yaya, mun yi idi da sassafe, aiki zan wuce." Yara fa? Suna makaranta. Da yamma 'yarsa mai shekara shida ta kalli bidiyon, ta ce da ni cikin Hausarta ta koyo, "Baffa, bikin wa ake yi?"

Wallahi tambayar nan ta hana ni barci.

Ban ga laifin yarinyar ba. Tun watan Nuwamba take ganin fitilu a tituna da kantuna, makaranta ta ba da hutu, kowa na maganar 25 ga Disamba. Maƙwabta sun riƙe bikinsu da daraja, ba kuma abin faɗa ba ne, mu ma nan muna musayar abinci da mutanen Sabon Gari. Amma ita tata Sallar, raka'a biyu ce kawai sai Baba ya ruga aiki.

Manzon Allah (SAW) ya iso Madina ya tarar suna da ranaku biyu na wasa, ya ce Allah ya musanya musu da waɗanda suka fi su alheri: Idin Layya da Idin Azumi. Farin cikin ranar nan addini ne, ba al'adar Zariya kaɗai ba.

Na san Sallah ba ranar hutun gwamnati ba ce a Ingila. Na san rikicin ganin wata, wani masallaci ya bi Saudiyya, wani ya bi Maroko, alhali mu nan jiran sanarwar Sarkin Musulmi kawai muke yi. To ka nemi hutun kwana biyu tun da wuri. Makarantu ma suna ba yaro izinin ranar ibada idan iyaye suka rubuta. A saka musu sabon ɗinki, a yi lalle, a dafa waina da miyar taushe, a yi kabbara da ƙarfi a mota, a kai su gidan wani Bahaushe su durƙusa su gaida manya, a ba su goron Sallah ko fam ɗaya ne. Layya ba ta yiwuwa a tsakar gida a can, amma in ka turo kuɗin rago gida, nuna wa yaro ana yankawa, ka gaya masa labarin Annabi Ibrahim.

Mu na gida kuma mu ji tsoron Allah. Mutum na can cikin kewa, kiranmu na farko ranar Sallah sai "ban ga saƙo ba."

Na gaya wa ƙanena bana ni zan aika da ɗinkin yaran tun Sha'aban, shi kuma ya nemo hutun. Ya ce in sha Allahu. Allah ya kai mu da rai da lafiya.