Mai wayar da ya ɓata mana Wiliyamsbag

Wallahi akwai masu yawon buɗe ido da ya kamata a karɓe musu waya tun daga ƙofa. Mun je Wiliyamsbag, tsohon babban birnin Bajiniya ta ƙasar Amurka daga 1699 zuwa 1780, wanda aka fara farfaɗo da shi a matsayin wurin tarihi a 1926 da kuɗin attajirin nan John D. Rockefeller ƙarami. Maƙeri na dukan ƙarfe da hannu, keken doki na wucewa, ma'aikatan wurin duk sanye da tufafin ƙarni na 18, suna kwaikwayon rayuwar wancan zamani.

Wata mata tana taka rawar baiwa, tana ba da labarin yadda aka sayar da 'yarta. Kusan rabin mutanen garin a lokacin baƙar fata ne, yawancinsu bayi. Wurin ya yi tsit. Sai wayar wani bawan Allah ta ɗau ruri, kuma ya amsa! Da babbar murya, wai yana tambayar inda aka ajiye mota.

Bai tsaya nan ba. Da muka isa wajen mai taka rawar Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, mai wayar nan ne ya ɗaga hannu yana tambayar ko akwai intanet a gidan Jefferson, yana dariya shi kaɗai. Haba malam! Kuɗin tikiti muka biya fa.